Ƙarfe a ƙasar lambu da tafiyar takin yuriya: kundin aiki daga Zariya

18 ga Nuwamba, 2024

Tambaya guda wannan aiki ya tsaya a kai: idan manomi ya zuba yuriya a ƙasar da ta daɗe tana shan darma da tutiya da jan ƙarfe, me ke samun takin kafin ya kai ga saiwar shuka? Masu lambun bakin Kubanni, rafin da ya ratsa Zariya, sun jima suna cewa akwai fangalin da taki ba ya kama shi, ko mudu nawa aka zuba. Wasu su ce takin ne jabu, wasu su ce ƙasar ce ta gaji. Ni zargina ya fi karkata ga abin da ke cikin juji da ruwan kwatar da ake ban ruwa da shi, kuma shi zan bi sawu daga yau har damina ta kankama.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kashi 46 cikin ɗari ke nan. Amma yadda take a buhu, ɗan kaɗan ne shuka ke iya sha kai tsaye. Sai ƙananan halittun ƙasa sun yi mata aiki. Da farko wani enzayim, wato sinadarin da halittu ke fitarwa don gaggauta juya wani abu zuwa wani, mai suna yuriyes ya farfasa ta ta koma amoniyam, abin da kan ɗauki 'yan kwanaki a ƙasa mai damshi da ɗumi. Daga nan bakteriya irin su Nitrosomonas su mai da amoniyam naitirait, irin su Nitrobacter kuma su ƙarasa shi zuwa naitiret, wanda masara da alayyafo suka fi saurin zuƙa. Tun 1890 Sergei Winogradsky ya ware waɗannan halittu ya nuna aikinsu.

Abin da ya ja ni ga batun shi ne kowane mataki a nan da ƙarfe ake yin sa. Yuriyes ba ya motsi sai da nikel a tsakiyarsa. James Sumner ya fitar da enzayim ɗin daga wani irin wake a 1926, amma sai a 1975 masu bincike a Ostareliya suka gano nikel ɗin. Enzayim ɗin da ke fara juya amoniya da jan ƙarfe yake aiki, wanda ke ƙarasa naitirait kuma da molibdinam da baƙin ƙarfe. Ɗan ƙanƙani ake buƙata. Idan ya wuce kima, ko wani baƙon ƙarfe kamar kadmiyam ko zaiba ya shigo, sai ya manne wa enzayim a inda sulfa take, ko ya ture ƙarfen asali daga gurbinsa, aiki ya tsaya cak.

Ƙasa uku zan kwatanta: ta wata gonar jigawa da ke wajen gari ta ɓangaren Shika, wadda ba a taɓa kai mata juji ba, ta lambun bakin Kubanni, da ta bayan wani garejin kanikawa inda ake fasa tsofaffin baturan mota, wadda yanzu haka mata ke shuka kuɓewa da rama a gefenta da damina.

26 ga Nuwamba, 2024

Mun gama ɗibar ƙasa, daga sama zuwa zurfin santimita 20. Da fartanya muka buɗe rami, amma da cokalin roba muka kankare gefensa muka cika leda, don kada tsatsar fartanya ta shiga lissafi.

A lambu sai da muka fara gaida mai unguwa, shi ya haɗa mu da dattijon da ke da fangalolin da ake magana a kai. Na tambaye shi, "Baba, tun yaushe ake zuba juji a nan?"

Ya ce, "Ɗana, ni ma a haka na tarar da shi hannun mahaifina. Da jakuna ke kawowa a mangala, yanzu tifa. Amma jujin da da na yanzu ba ɗaya ba ne. Na da toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Na yanzu, duƙa ka gani da idonka."

Na duƙa. Da yamma kuma rariya mai ramin milimita 2 ta ƙara nuna mini. Abin da ya rage a kanta daga ledar lambu guda: gutsattsarin kwanon rufi da ya ci tsatsa, murafen kwalba, guntun waya mai jan ƙarfe a ciki, ɓarɓashin tayar da aka ƙone, da baturan tocila biyu da suka ruɓe har bawonsu ya zama farin gari-gari, sai baƙin sandan tsakiya kawai ya rage a tsaye. Wannan bawon tutiya ce zalla, baƙin garin da ke ciki kuma manganis ne. Kwanon rufi da tutiya ake lulluɓe shi, taya ma akwai tutiya a haɗinta. Duk wanda ya ga wannan rariya ba zai yi mamakin sakamakon da za a samu daga na'ura ba.

9 ga Disamba, 2024

Ƙasa ta bushe a inuwa, an daka, an tankaɗe. Na auna tsami. Ta jigawa tana ƙasa da 6 a ma'aunin pH (ma'aunin tsami, inda 7 ne tsaka-tsaki, ƙasa da shi kuma tsami), kamar yadda aka saba gani a gonakin kewayen Samaru, ga ƙarancin ruɓaɓɓen abu, launinta ja-ja mai haske. Ta lambu baƙa ce, mai laushi a hannu, kuma ta haura 7, aikin tokar shekara da shekaru. Ta gareji ta fi duka tsami, abin da ba mamaki tunda ruwan batir asid ne, kuma tana warin baƙin mai.

Na kai kaso guda ɗakin gwaje-gwajen da ke da na'urar auna ƙarafa. Iri biyu na nema: jimillar ƙarfen da ke cikin ƙasa, wanda ake fitarwa da dafawa cikin asid mai ƙarfi, da kuma wanda ke narkewa da sauƙi a ruwa mai ɗan gishirin kalsiyam. Akwai layi, sai bayan hutun ƙarshen shekara.

6 ga Janairu, 2025

An ɗaura gwaji na farko. Kwalaben bama na saya a kasuwar Sabon Gari, muka wanke su da sabulu, muka jiƙa su a ruwan asid mai rauni, muka ɗauraye da tataccen ruwa. Kowace kwalba giram 100 na ƙasa, da yuriyar da ta yi daidai da kilo 120 na naitirojin a hekta, adadin da ake ba masu masara shawara a wannan yanki. Ruwa kashi 60 cikin ɗari na abin da ƙasar ke iya riƙewa. Akwai kwalaben da ba a sa musu taki ba, don a san abin da ƙasar ke bayarwa da kanta. A cikin kowace kwalba na tsayar da ɗan ƙaramin kofi mai ruwan borik asid da aka ɗiga wa rini. Duk amoniyar da ta tashi sama, shi zai kama ta.

Sanyin hunturu ba ƙaramin abu ba ne a Zariya, da asuba ɗakin kan yi sanyi ƙwarai, wuta kuma ba ta tsayawa. Bakteriya ba sa aiki da sauri a sanyi. Don haka kwalaben suna cikin manyan kuloli irin na masu ƙanƙara, da ma'aunin zafi a ciki, da gorar ruwan ɗumi da ake canzawa safe da yamma. Kwana 28 gwajin zai yi, yadda ƙa'idar irin wannan aiki ta tanada.

10 ga Janairu, 2025

Da na buɗe kula yau, kofunan da ke kwalaben lambu duk sun juye daga launin zoɓo zuwa kore shar. Na jigawa sun ɗan dushe kawai. Na gareji suna nan yadda na zuba su. Da na ɗaga murfin kwalbar lambu guda, warin da ya bugi hancina irin na turken awaki ne da sassafe.

Ma'anar wannan a fili take. A ƙasar lambu yuriyes yana aiki da gaggawa, yuriya ta farfashe. Farfashewar da kanta tana ɗaga pH a kewayen ƙwayar taki, ƙasar kuma dama mai toka ce, sai amoniyam ya koma iskar amoniya ya tashi. Manomin da ya watsa yuriya a saman irin wannan fangali da rana tsaka, kan ƙasa mai ɗan damshi, ya tafi gida sai gobe zai ba da ruwa, wani kaso na kuɗinsa iska ya bi. Babu hannun ƙarfe a wannan asara ko kaɗan, kuma wajibi ne in rubuta haka tun yanzu, domin da zargin ƙarfe na shigo aikin, mai zargi kuwa komai ya gani yakan ja shi gefensa.

A ƙasar gareji labarin daban ne. Amoniyam kaɗan ya fito, yawancin yuriyar tana nan ba a taɓa ta ba. Yuriyar da ba a farfasa ba kuwa ba ta da abin da za ta riƙe ƙwayar ƙasa da shi, ruwa yana zuwa zai wuce da ita ƙasa.

21 ga Janairu, 2025

Mako biyu. Na tace ƙasa da ruwan fotashiyam kulorayid, na ɗiga maganin gwajin naitirait. A na jigawa ruwan bai canza ba. A na lambu ya yi ruwan hoda mai kauri cikin 'yan mintoci.

Naitirait bai kamata ya taru a ƙasa ba. A lafiyayyar ƙasa, yana fitowa ake cinye shi. Taruwarsa na nufin rukunin farko na bakteriya yana aiki, na biyu ya ja baya, kuma naitirait guba ne ga ƙananan saiwoyi. Na tuna dashen latas da na gani a fangalin Baba, gefen ganyen ya ƙone kwanaki kaɗan bayan taki. Sai dai a nan ma abu biyu ne ke iya haddasa shi. Ƙarafa na iya danne Nitrobacter, amma sanannen abu ne cewa iskar amoniya a ƙasa mai pH sama tana danne shi fiye da yadda take danne Nitrosomonas. Malamina ya dubi bututun ya ce, "Kada ka yi gaggawar rataya wa tutiya wannan. Raba su tukuna." Hanyar rabawar ita ce in ɗauki ƙasar jigawa mai tsabta in zuba mata ƙarfen da hannuna, ba toka, ba baƙin mai. Shi ne gwaji na biyu.

5 ga Fabrairu, 2025

Gwaji na farko ya cika, sakamakon ƙarafa ma ya fito, kuma idan aka jera su gefe da gefe suna faɗin abin da ban zata ba.

Ƙasar lambu ta ninka ta jigawa sau da yawa a jimillar tutiya da darma da jan ƙarfe. Don mai karatu ya sami abin kwatance: dokar Tarayyar Turai ta 1986 kan zuba dagwalon masai a gona ta ƙayyade, a kowane kilo na ƙasa mai pH 6 zuwa 7, tutiya miligiram 150 zuwa 300, jan ƙarfe 50 zuwa 140, darma 50 zuwa 300, kadmiyam 1 zuwa 3. Tutiyar fangalin Baba ta shiga wannan zango, ta jigawa ko kusa ba ta yi ba. Amma ƙarfen da ke narkewa da sauƙi a ƙasar lambu ɗan mitsitsi ne. Kuma a ƙarshen kwana 28 ita ce ta fi kowace tara naitiret. Naitirait ɗin nan da ya taru ya ɓace a mako na uku, daidai lokacin da amoniya ta lafa. Ta jigawa ta bi a hankali, da sauran amoniyam a cikinta. Ta gareji kuwa kusan ba naitiret, ga darma mai yawan gaske, ga ƙarfe narkakke fiye da na sauran biyun a haɗe.

Ashe yawan ƙarfen da ke kwance a ƙasa ba shi ke yanke hukunci ba. Wanda ya narke a ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, shi ne ke isa ga bakteriya. Toka da ruɓaɓɓen abin da ke cikin juji suna ɗaure ƙarfen: a pH sama da 7 tutiya da kadmiyam suna manne wa laka, jan ƙarfe kuma yana kama ruɓaɓɓen abu kam-kam. Juji ne ya kawo gubar, shi ne kuma ke riƙe da ita. Tambayar da ta hana ni barci tun jiya ita ce, ranar da riƙon ya saki fa?

24 ga Fabrairu, 2025

Gwaji na biyu yana tafiya. Ƙasar jigawa ce, na zuba mata jan ƙarfe, tutiya da darma kowanne daban, mataki-mataki, daga ƙasa da iyakar Turai zuwa sama da ita. Akwai kwalaben da na sa wa gishirin kalsiyam kawai, domin gishirin da ke tare da ƙarfen shi ma yana takura halittu, kada a lissafa laifinsa a kan ƙarfe.

Zuwa yau tsarin ya fito. Jan ƙarfe ya fi kowa danne yuriyes, kuma wannan ya yi daidai da abin da aka daɗe da sani: azurfa da zaiba da jan ƙarfe su ne kan gaba wajen kashe wannan enzayim. Juya amoniyam zuwa naitiret ya fi farfasa yuriya rauni. A matakin tutiyar da bai hana yuriya farfashewa ba, naitiret ya riga ya ragu sosai. Dalilin a bayyane yake. Masu farfasa yuriya da ruɓar da taki dubbai ne, bakteriya da fangi iri-iri, idan wasu sun mutu wasu su ɗauka, har ma akwai yuriyes da ke manne a jikin laka yana aiki ba tare da mai shi ba. Masu yin naitiret kuwa 'yan tsiraru ne, kuma a hankali suke hayayyafa.

Abin lura: adadin tutiyar da ƙasar lambu ke ɗauke da shi lafiya lau, da na zuba irinsa a ƙasar jigawa, aikin naitiret ya durƙushe. Tsami da ƙarancin ruɓaɓɓen abu sun taka rawa. Akwai kuma batun tsufa: ƙarfen da aka zuba jiya ya fi wanda ya shekara ashirin a ƙasa dafi, domin a hankali yake kutsawa cikin laka. Halittun ma suna sabawa. A Beljiyam an bincika ƙasar da ke ƙarƙashin turakun lantarki masu rufin tutiya, aka tarar bakteriyar naitiret da ke wurin sun canza iri, masu jure tutiya sun maye gurbi. Don haka ba zan ɗauki sakamakon kwalba in ce shi ne na gona kai tsaye ba.

Amma kada jurewar nan ta sa a saki jiki. A Woburn da ke Ingila an zuba dagwalon masai mai ƙarafa a wasu filayen gwaji daga 1942 zuwa 1961. Sama da shekara ashirin bayan an daina, masu binciken cibiyar nazarin noma ta Rothamsted suka tarar yawan ƙananan halittun ƙasar bai wuce kusan rabin na filayen da suka sha takin dabbobi ba, bakteriyar da ke saiwar wata ciyawa dangin wake kuma ta daina kama naitirojin daga iska. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Abin da tifa ta juye bana, jikokin mai lambu za su tarar da shi.

14 ga Maris, 2025

Azumi ga zafi, aikin ɗakin gwaji ya koma bayan asuba zuwa hantsi.

Darma ce ta fi sauran sauƙi a kan bakteriya a gwajina, domin tana manne wa ƙasa da ƙarfi, ba ta cika narkewa ba. Ina rubuta wannan da fargaba, kada wani ya karanta ya ce ashe darma ba matsala. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar dutsen zinariya mai darma da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta ƙura da hannu zuwa baki take shiga yaro. Ƙasa na iya juya taki daidai, amma ƙurarta da ta manne a ganyen latas ta cutar da mai ci. Lafiyar bakteriya daban, lafiyar ɗan'adam daban, kuma gwajina na farkon kawai yake aunawa. Na je na faɗa wa matan da ke shuka a bayan gareji abin da na gani, a gaban mai unguwarsu. Wata dattijuwa ta ce, "To ɗan nan, in mun bar nan, ina za mu shuka?" Mun tsaya a kan su cika tsofaffin buhuna da ƙasar da aka ɗebo daga wani wuri su shuka a ciki, yara kuma a hana su wasa a wurin.

22 ga Afrilu, 2025

Wannan shi ne gwajin da na fi damuwa da shi tun Fabrairu. Na ɗauki ƙasar lambu na bi da ita hanyar da lambun zai bi idan aka daina kawo toka da kashin dabbobi aka koma takin buhu zalla.

Duk lokacin da bakteriya suka mai da amoniyam naitiret, suna sakin asid: ƙwayar haidirojin biyu a kan kowane amoniyam guda. Idan ruwa ya wanke naitiret ɗin, yakan tafi da kalsiyam da magniziyam, ƙasa ta ƙara tsami. Ba sai an je Turai neman shaida ba. A nan Samaru akwai filin gwajin taki da aka fara tun 1950, wanda ake kira DNPK, inda ake kwatanta kashin shanu da takin zamani shekara bayan shekara a fili ɗaya. Abin da ya nuna tun tuni shi ne filayen da suka daɗe suna shan takin naitirojin ba kashin shanu sun yi tsami, waɗanda ke samun kashin shanu kuma sun fi riƙe kansu.

Ba zan iya jiran shekaru ba, sai na gaggauta abin da asid mai rauni, kashi-kashi, ina barin ƙasar ta huta tsakani. Ƙasar Baba ta yi taurin kai da farko, tokar da ke cikinta tana shanye asid ɗin. Da ta ƙare, pH ya gangaro. A kwalaben da suka sauka ƙasa da 6, tutiya narkakkiya ta tashi ninki-ninki, kadmiyam da a da na'ura ke ganinsa da ƙyar ya bayyana sarai, naitiret kuma ya faɗi. Tsami kaɗai ma yana rage naitiret, shi ya sa na sauke ƙasar jigawa zuwa pH ɗaya da ita don kwatance. Ta jigawa ta ragu, amma ta lambu ta fi ta faɗuwa nesa ba kusa ba. Bambancin nan shi ne rabon ƙarfe.

Ga yadda nake ganin lamarin yanzu. Lambunan bakin Kubanni suna zaune lafiya ne muddin toka na zuwa. Amma gidaje da yawa a Zariya sun koma gas da gawayi, jujin yana ƙara zama leda da tarkace, tokarsa tana raguwa, manomi kuma yana cike giɓin da yuriya. Idan aka ɗore a haka, ƙasar za ta yi tsami sannu a hankali, ƙarfen shekaru aru-aru ya saki, taki ya daina kamawa, manomi ya ƙara taki, tsamin ya ƙaru. Alayyafo da latas kuwa suna cikin ganyayen da suka fi zuƙar kadmiyam. Ƙa'idar abinci ta duniya ba ta yarda ya wuce miligiram 0.2 a kilon ganye ba, darma kuma 0.3. Duk mai cewa a hana manoma juji gaba ɗaya, ba tare da ya kawo abin da zai riƙe pH ba, zai iya gaggauta abin da yake gudu.

17 ga Mayu, 2025

Mun zauna da masu lambu a gindin mangwaro bayan la'asar. Na kai kwalba biyu da kofunansu, mai launin zoɓo da mai kore, suka zagaya hannu-hannu. Maganar binne yuriya ta shiga nan take: a tona ɗan rami a gefen shuka a rufe, ko a ba da ruwa nan da nan bayan an zuba, kada a haɗa ta da sabuwar toka rana ɗaya. Wani matashi ya ce dama ya lura fangalin da ya fara shan ruwa ya fi na ƙarshe kore.

Maganar tsince juji ce ta jawo gardama. Baba ya ce, "Malam, ka san tifa guda mutum nawa za su wuni a kanta? Wa zai biya su?" Gaskiyarsa. Wani kuma ya kawo abin da ban yi tunani a kai ba: 'yan jari bola sun riga sun tsince baƙin ƙarfe da alminiyam da wayar jan ƙarfe tun a bola, domin suna da mai saye. Baturan tocila da na rediyo da ƙonanniyar taya su ake bari, ba su da kasuwa. Ke nan abin da ya fi cutar da ƙasa shi ne abin da ba wanda ke samun ko sisi in ya ɗauke shi. Aka rabu a kan cewa ranar baza juji yara masu taya aiki za su riƙa ware batura a tsohon bokiti, da leda ɗaure a hannu, kuma ba za a ƙara karɓar lodin da aka kwaso daga kusa da gareji ko wurin ƙona taya ba, ko da araha ne.

12 ga Yuni, 2025

Ruwa ya zauna, aiki ya fita daga kwalba. Baba ya ba ni fangali shida a gefen da ambaliya ba ta cika kaiwa ba. Biyu za su sha yuriya zalla, biyu yuriya da kashin shanu, biyu yuriya da tokar itace da aka zuba mako biyu kafin taki. Duka binnewa za a yi. Masara ce a ciki, da layin wake irin SAMPEA a gefe. Waken saboda abin da aka gani a Woburn ne: idan ya kai fure zan tuge wasu in ƙirga ƙululun saiwa in fasa su. Mai ja a ciki yana aiki, fari ko kore ba ya kama komai. Irin wannan layi na shuka a gonar jigawa don kwatance.

Akwai rijiyoyi biyu a ƙasan lambun da mutane ke sha. Naitiret ba ya manne wa ƙasa, ruwan Agusta zai tura shi ƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa iyakarsa a miligiram 50 a litar ruwan sha, saboda jarirai. Na ɗebi ruwansu yau kafin a zuba taki, zan riƙa ɗiba duk wata har kaka. Takin farko ranar da masara ta cika mako biyu, awon pH na kowane fangali kuma kafin nan.